Wasa da kwamfutar hannu a cikin aji: mu saya ko mu dakata?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ce shugabar wata ƙaramar makarantar firamare mai zaman kanta a Funtuwa. Wani ɗan kasuwa ya kawo mana tallar kwamfutocin hannu guda ashirin, ya ce cike suke da wasannin koyon lissafi da Turanci, kuma wai duk makarantun da suka waye sun koma haka. Iyaye sun rabu biyu. Wasu na cewa in ba mu saya ba an bar mu a baya, wasu na cewa ba su biya kuɗin makaranta don 'ya'yansu su zo su buga gem ba. Kuɗin da ke hannunmu kuwa shi ne wanda muka tara don littattafai da ƙaro malami ɗaya. Don Allah, wasa da na'ura suna ƙara wa yaro karatu da gaske, ko dai yayi ne kawai?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya yi wa makarantarku albarka. Kin sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, domin aikina horar da malaman firamare ne da bin su cikin azuzuwa lokacin gwajin koyarwa, kuma kafin nan ni ma na riƙe alli a aji ɗaya da aji biyu.

Abu uku kike tambaya, ko da yake mai tallar ya haɗa miki su a ƙunshi ɗaya. Wasa yana koyar da yaro? Na'ura tana koyar da yaro? Sannan ko da duka biyun suna koyarwa, sun kai a ba su kuɗin littattafai da albashin malami? Amsar ta farko e ce, amma da sharaɗi. Ta biyu, wani lokaci, kuma sharuɗɗanta sun fi yawa. Ta uku kuwa, a halin da kika bayyana, a'a. Kada ki taɓa kuɗin nan. Ga dalilaina, don ki sami abin da za ki riƙe idan kun zauna da iyaye.

Daga ina guguwar ta taso

Iyayen da ke tsoron a bar 'ya'yansu a baya suna da gaskiyarsu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara yi wa masu zanawa daga waje tata a kwamfuta. Duk wanda ya taɓa raka ɗalibi cibiyar jarrabawa ya ga yaron da ya san amsa sarai, amma hannunsa na karkarwa a kan linzamin kwamfuta domin ranar ya fara taɓa shi. Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, darussa suka koma rediyo da talabijin da WhatsApp, kowa ya ga ratar da ke tsakanin gidan da ke da waya da data da gidan da babu. Gwamnatoci ma sun shigo: jihar Osun ta raba wa ɗaliban babbar sakandare kwamfutar hannu mai suna Opon Imo a 2013, jihar Edo ta fara shirin EdoBEST a 2018 inda malamai ne ke riƙe da na'urar suna bin darasin da aka tsara musu, sannan a 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport.

Sai dai koyon sarrafa kwamfuta daban, koyon karatu da lissafi ta hanyar kwamfuta daban. Abin da yaro ke buƙata don jarrabawa shi ne sabo da madannai da linzami, kuma 'yan kwamfutoci kaɗan da darasi ɗaya a mako ga 'yan aji biyar da shida sun wadatar da wannan. Dangwala yatsa a kan gem a aji ɗaya ba ya kai yaro can.

Abin da aka gani inda aka raba na'urori

An gwada, kuma an gwada da kuɗi mai yawa. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutarsa, wato One Laptop per Child. Har nan gida ya zo, an yi gwajinsa a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bi makarantun karkara 319 a can bayan wata goma sha biyar, sai aka ga yaran sun iya sarrafa na'urar, har kaifin tunaninsu ya ɗan ƙaru a wasu gwaje-gwaje, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. A 2015 ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta OECD ta duba ƙasashe masu arziki, ta gano cewa ɗaliban da suka fi kowa yawan amfani da kwamfuta a makaranta sakamakonsu ya gaza na masu amfani da ita daidai gwargwado. Ita ma Suwidin, da ta yi nisa wajen sa na'ura a hannun ƙananan yara, a 2023 gwamnatinta ta juyo tana zuba kuɗi a littattafan takarda.

Da nan labarin ya tsaya da sai in ce ki sallami mai tallar ki huta. To amma akwai inda na'urar ta yi aiki, kuma a nan ne darasin yake. A birnin Delhi na Indiya an gwada wata manhaja mai suna Mindspark da yara 'yan ƙaramar sakandare daga gidajen talakawa. Suna zuwa bayan an tashi makaranta, rabin lokaci a kan kwamfuta, rabi da malami a ƙaramin rukuni. Cikin wata huɗu da rabi ci gabansu a lissafi ya kai kusan ninki biyu na waɗanda ba su shiga ba. Sirrin ba zane mai kyau ba ne ko kiɗa. Manhajar tana fara auna yaro ne, idan ta ga ɗan aji bakwai lissafinsa na aji uku ne, sai ta sauko da shi aji ukun, ta bi kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da malami mai yara sittin a gabansa ba zai iya yi wa kowa ba.

A yankin Tanga na Tanzaniya kuma an raba wa yaran ƙauyuka kwamfutocin hannu a wata gasa ta gidauniyar XPRIZE ta Amurka, wadda manhajojin onebillion da Kitkit School suka raba kyautarta a 2019. Yara da dama da ba su san harafi ba sun fara karatu, amma ki lura: da harshen Suwahili aka gina manhajojin, harshen da yaran ke ji, kuma an kafa wurin caji na sola a ƙauyukan. Kusa da mu ma, a jihohin Doso da Damagaram na Nijar, an ƙara koyar da amfani da ƙaramar wayar hannu a azuzuwan yaƙi da jahilci na manya wajen 2009 da 2010, da Hausa da Zabarmanci. Waɗanda aka koya wa wayar sun fi sauran riƙe rubutu da lissafi, kuma dalilin da ya fi kusa shi ne sun sami abin da za su riƙa rubutawa da karantawa kullum bayan an tashi daga aji.

A duk inda abin ya yi kyau za ki tarar darasin ya sauko daidai matakin mai koyo, da harshen da yake ji, kuma akwai mutum tsaye a kai. Inda aka sauke kwalaye aka ɗauki hoto aka tafi, ba a ga komai ba.

Wasan da ke koyarwa da wanda ke cinye lokaci

Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne za ki iya farawa gobe da safe ba tare da ko sisi ba.

Wasu masana biyu a Amurka, Robert Siegler da Geetha Ramani, sun yi wani gwaji da suka wallafa a 2008 wanda nake faɗa wa duk malamin da na horar. Sun ɗauki yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar daga gidaje marasa ƙarfi, suka ba su wani allo mai gidaje goma a jere, an rubuta 1 zuwa 10. Yaro zai juya abin zaɓe ya ba shi ɗaya ko biyu, sai ya matsar da ɗansa yana faɗin lambobin da ya taka. Idan yana kan 3 ya sami biyu, ba "ɗaya, biyu" zai ce ba, "huɗu, biyar" zai ce. Wasu yaran kuma aka ba su irin allon sak, amma launuka ne a gidajen maimakon lambobi. Zama huɗu kawai aka yi, kowanne kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Masu allon lambobi suka fi gane wace lamba ta fi girma, da inda kowace take a kan layi, kuma bayan mako tara abin yana nan. Masu launuka sun buga wasan daidai da su, amma ba su ƙaru da lissafi ba.

Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane wasa da shi, na kwali ne ko na na'ura: me yaron ke tunani a kansa a daidai lokacin da yake wasan? Abin da ya yi tunani a kai shi zai tuna. Yawancin gem ɗin da ake sayarwa da sunan ilimi, yaro zai yi minti biyar yana tuƙa mota yana kauce wa ramuka, sai a tsayar da shi a ce bakwai a tara da biyar nawa ne, ya danna ko wacce amsa don a sake shi ya koma motarsa. Tuƙin ya koya. Na sha tsayawa bayan yara ina kallonsu suna danna amsoshi huɗun ɗaya bayan ɗaya har ta faɗa kan daidai, na'urar kuma ta yi musu tafi ta ba su tauraro. Malamin ya duba ya ga taurari sun cika, ya ɗauka an iya.

Allon Siegler kuwa da alli za a zana shi a daɓen aji, yaran da kansu su zama 'ya'yan wasan, marfin lemo ya zama abin jefawa: ya faɗi a buɗe taki ɗaya, ya kife taki biyu. Idan sun ƙware, a kai shi 20, daga baya 100.

Kuma muna da namu a gida. Wasan jini-jini, inda jagora ke ambaton abu, in mai jini ne a amsa, in ba shi da jini a yi shiru, horo ne na saurare da rarrabewa da kame baki. Malama ɗaya da na duba aikinta ta juya shi zuwa sautin haruffa: ta ce yau "b" muke nema, ta riƙa jero baba, bera, ɓera, bante, ɓawo, wanda ya amsa a kan "ɓ" ya zauna zagaye ɗaya. Ban taɓa ganin hanyar da ta raba wa yara "b" da "ɓ" da sauri kamar wannan ba. Ana yin haka da lambobin da biyu ke raba su, ko dabbobin gida da na daji. Kacici-kacici yana koyar da siffanta abu da jawo ma'ana, musamman idan aka ce yaran su ƙirƙiro nasu a kan darasin ranar. Wasan kasuwa, da kuɗin takarda da gwangwanaye da kwalayen ashana, yana fito da yaron da ke ba da canji daidai a tallar gida amma yake daskarewa in ya ga ragi a kan allo. Dara tana horar da hangen gaba, amma ba zan ce miki tana ƙara makin lissafi kai tsaye ba. Ki bar ta a lokacin hutu, tana da amfaninta a can.

Tsarin nan na koyarwa daidai da matakin yaro, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro kuma aka kawo shi Borno da Kano da wasu jihohin Arewa, da irin waɗannan kayan yake aiki: katunan haruffa, tsinkaye da ake ɗaurewa goma-goma, zane a ƙasa. Ana raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Abin da Mindspark ke yi da kwamfuta ke nan, su suna yi da tsinke.

Akwai wani amfanin wasa da ba a cika faɗa ba. Binciken wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, na 2006 ya nuna cewa ɗalibin da aka sa ya tuno abin da ya karanta daga ƙwaƙwalwarsa ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karantawa. Malaman allo sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ake kife allo a kawo hadda. Wasan tambaya da amsa na minti biyar a farkon darasi, a kan abin da aka yi jiya da makon jiya, yana yin wannan aiki ba tare da fargabar jarrabawa ba. Manhajar Kahoot da ta fito daga Norwe a 2013 a kan haka ta yi suna, amma tana buƙatar intanet da na'urori. Ƙananan alluna ko katuna huɗu masu A, B, C, D a hannun kowane yaro suna ba malami abin da yake nema, wato ya ga amsar kowa a lokaci guda, ba ta yara ukun da ke ɗaga hannu kullum ba.

Hattara da kyauta da gasa

A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a jami'ar Stanford sun sami yara masu son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun zana. Daga baya da aka bar su su zaɓi abin da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin suka rage zane. Taurari da maki da jerin gwanaye da gem ke bayarwa suna iya yin haka ga karatu: ranar da babu tauraro, babu sha'awa. Gasar sauri kuma tana da nata lahani da nake gani da idona. Yara biyar ɗin da suka riga suka iya su ke cinyewa kullum, yaron da ke buƙatar ya ɗan yi tunani ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne, yarinya mai kunya ta koma bayan aji ta naɗe hannu. Ba na hana gasa, amma ina so ta zama tsakanin rukuni da rukuni, a riƙa cakuɗa su, kuma a zaɓi mai amsawa da ƙuri'a don rukunin ya tilastu ya koya wa mai rauninsa.

Idan kun kai ga saye

Sayen na'ura kamar sayen doki ne: kuɗinsa sau ɗaya ake biya, harawa da dusa kuwa kullum ne. Akwai caji, ko sola ko man janareta. Akwai gilashin da zai fashe, da batirin da zai mutu cikin 'yan shekaru, da ƙurar hunturu da zafin bazara, da akwatin ƙarfen da za a kulle su, da wanda zai gyara in sun lalace. Wasu manhajojin ma kuɗin shekara-shekara ake biya, in ba a biya ba su kulle. Na shiga makarantu da dama inda na tarar da na'urori a kabad ɗin ofis, an kashe kuɗi an saya, caja ta ɓata ko malamin da ya iya ya bar aiki, shi ke nan.

Ki ce wa mai tallar ya bar miki guda biyu na mako biyu. Ki kashe intanet ki ga ko suna aiki. Ki ba yaro mai rauni a aji biyu, ki zauna gefensa kada ki ce komai. Ya gane umarnin da ake ba shi, ko Turancin Amurka ne ke wucewa ta saman kansa? Idan ya yi kuskure, an nuna masa inda ya kauce, ko ƙara kawai aka yi masa? Idan ya ci gaba da faɗuwa, tambayoyin suna sauƙaƙa? Zai iya cin wasan da dannawa barkatai? Akwai inda malama za ta duba ta ga abin da ke ba kowane yaro wuya? Gani ya kori ji. Mai kaya na ƙwarai ba zai ƙi wannan gwaji ba.

Abin da na fi ba ku shawara a kai, idan wani kuɗin ya samu nan gaba, shi ne ku fara sa na'urar a hannun malami. Kwamfuta ɗaya da ƙaramin majigi da sola za su zaga azuzuwa duka. Akwai kayan kyauta da ke aiki ba intanet: PhET na jami'ar Kolorado, wanda Carl Wieman mai kyautar Nobel ya kafa a 2002, yana nuna yadda lantarki ke zagayawa da yadda ake raba abu kashi-kashi, abubuwan da alli ke wahalar nunawa, GCompris na ƙananan yara, Kolibri na ajiye darussa, Scratch kuma ga 'yan aji biyar da shida, inda yaro ke gina nasa wasan maimakon ya buga na wani. 'Yan nazire kuwa ki bar su da yashi da waƙa da tatsuniya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce kada zaman kallon na'ura ya wuce awa ɗaya a rana ga 'yan shekara biyu zuwa huɗu, kuma da yawansu sun riga sun cinye awar a wayar iyayensu.

Iyakar wannan shawara

Gwaje-gwajen da na ambata a wasu ƙasashe aka yi su, da wasu harsuna, mafi yawansu kuma ƙarƙashin kulawar masu bincike, wadda ta fi ta ranar aiki ta yau da kullum. Abin da ya yi aiki a Delhi ba dole ya yi a Funtuwa ba. Ni kuma gogewata a firamare take, kuma azuzuwanki ke kika san su. Akwai ma yaran da hukuncinsu daban ne: ga yaro mai raunin gani ko ji, na'ura mai ƙara girman rubutu ko karanta shi da murya tana iya zama ita ce ƙofar karatunsa, kuma irin wannan ba na cewa a jira.

Don haka ku auna da kanku. A farkon zango mai zuwa ki ware minti biyar ga kowane yaro a aji biyu da uku: ya karanta haruffa, sannan kalmomi, sannan ɗan gajeren labari da Hausa, ya yi tarawa da ragi. Ki rubuta inda kowa ya tsaya. Ku sayi littattafan, ku ɗauki malamin, ku sa wasa na minti goma zuwa goma sha biyar a darasin karatu da na lissafi kullum, kowane wasa da abu ɗaya tak da ake so ya koyar, malamin kuma ya rubuta shi a tsarin darasinsa. A ƙarshen zango ki sake gwajin, ki kai takardun biyu taron iyaye da malamai. Masu tsoron an bar ku a baya ki gaya musu za a fara darasin kwamfuta ga manyan azuzuwa da zarar an sami na sayen guda uku ko huɗu masu madannai. Masu ƙin gem kuma ki gayyace su su zauna a bayan aji ranar da ake wasan layin lambobi, su tambayi 'ya'yansu tsakanin 7 da 9 wacce ta fi kusa da 10. Allah ya taimaka, ya ba ku sa'a.